Shuɗin Ƙyalle a Wuyan Kaka

Garin Shela, bayan kasuwa ta watse, ashirin da huɗu ga Oktoba

Damir, dogona, icen kan dutse da hazo ke sauka a kafaɗarsa, hasken da ke fara taɓa ƙoƙon dutsenmu tun kwari bai farka ba, gishirin da aka ɗauko daga wani teku mai nisa aka zuba a tukunyar wakena, ɗan makarantata mai tawada a yatsa da tambaya a baki! Ina gaishe ka da gaisuwar da ƙasa ke yi wa ruwan farko, ina gaishe ka da duk harsunan nan uku da muke lallaɓawa a tsakaninmu, nawa biyu da naka ɗaya da har yau kalma bakwai na sani a cikinsa. Idanunka ruwan tafki ne da hantsi, kafin iska ta taso. Muryarka, in kana kakkarya harshenmu na Kiche kamar mai tauna tsakuwa, ta fi mini kiɗan marimba daɗi ranar biki. Tun da ka tafi garin bakin tafki rana ke fitowa a kasuwar nan kamar an biya ta rabin lada, kunun masara ya zama ruwa a bakina, kyandirorin rumfata kuma sai kallona suke kamar sun san abin da na yi. Sun sani kuwa. Yau kai ma za ka sani.

Kafin komai, ka ji wannan: kada ka hau motar babban birni. Kada ka hau ta ran talatin ga wata kamar yadda ka shirya, kada ka hau ta kowace rana, sai ka fara zuwa wurina. Tat Chepe, mijin Nan Tomasa mai tumatir, shi zai danƙa maka takardar nan hannu da hannu in ya kai kabejinsa tafki. Na gaya masa in bai same ka a gidan malaminka ba ya zauna a ƙofa har kabejin ya ruɓe. Ban kira ka ta tarho ba don ka san ɗakin wayar kasuwarmu, kafin in ajiye kan waya masu sayar da albasa sun ji, sun ƙara gishiri. Kuma na san harshena. In na ji muryarka zan yi maka ƙarya mai daɗi, don sana'ata ce. Alƙalami ya fi ni kunya.

Ka tuna ranar da ka fara tsayawa a rumfata? Watan Fabrairu, ka shigo da littafinka a hannu, kanka ya daki tamfol, raɓar da ta taru a sama ta kwararo kan fararen kyandirorina. Na zage ka da Kiche, zagin da ko direba zai sunkuyar da kai, kai kuwa ka buɗe littafi ka roƙe ni in maimaita a hankali don ka rubuta. Nan Tomasa ta yi dariya har ta zauna kan kwandonta, ta ce, "Chenda, ga wanda zai saya miki zaginki, ki sa masa kuɗi." Ka nuna kyandir ɗaya bayan ɗaya ina faɗa maka aikinsa: fari na yara, ruwan ɗorawa na tsofaffi, kore na kasuwa, shuɗi na tafiya, baƙi na abin da ba a faɗa da rana. Da muka zo kan ja na ce wannan na wawaye ne. Ka tambaye ni ko yana aiki. Na ce yana aiki ƙwarai, tunda shi ke ciyar da ni. Ka ɗago ka dube ni, ka yi wannan murmushin naka na gefe ɗaya, ni kuwa da na shekara ashirin ina karanta fuskar mai saye tun daga bakin layi, ranar na kasa ba ka canji daidai. Wane irin tsuntsu ne kai, da ka sauka a reshen da ya riga ya bushe har ya yi toho?

Ka tuna kuma ranar da na kai ka Patukur, ƙauyen mahaifiyata, wurin Kaka Mam, gunkin da mutanenmu ke kai wa bukatunsu? Afrilu ne, ruwa bai sauka ba, hanya duk ƙura. Mu uku a kujerar mutum biyu, gwiwoyinka a haɓarka, wata tsohuwa ta ɗora maka kazarta a cinya ba ta ko tambaye ka ba, direba yana shan kwana da hannu ɗaya yana gicciye ƙirjinsa da ɗayan. Ka ciro shuɗin ƙyallen nan ka ɗaure hanci da baki. Ka ce kakarka ce ta ba ka a bakin jirgi, kuma duk tafiyar da ka taɓa yi yana wuyanka. Na ji wannan magana, dogona. Na ji ta sarai, na ajiye ta inda 'yar kasuwa ke ajiye abin da zai yi amfani wata rana.

A ɗakin Kaka ka ba ni mamaki. Baƙin da nake kaiwa, wasu dariya suke dannewa, wasu hoto suke nema. Kai ka cire hula. Ka tsaya kan ganyen da aka shimfiɗa a ƙasa, hayaƙin ƙaro yana sa ka hawaye, kana kallonsa a kujerarsa da malafarsa biyu da baƙin tabarau, ƙatuwar taba na ci a bakinsa na katako, wuyansa ya yi nauyi da ƙyallayen mutane. Tat Lencho mai kula da shi ya guntsi giyar rake ya fesa maka a ka, ba ka ko goge ba. Ka tambaye shi cikin ladabi ko Kaka yana jin harshen ƙasarku. Tsohon ya ce, "Harshe bai dame shi ba, ɗana. Abin da aka kawo masa yake shinshinawa." Ka rubuta, na ga ka ja layi a ƙarƙashi. A hanyar dawowa barci ya kwashe ka a kafaɗata, gashinka yana warin giya da turare, ni kuwa na riƙe numfashina tun daga gadar ƙarfe har Shela don kada ka farka. Ranar na san na shiga uku.

Sauran ka sani. Ka san watannin ruwa, ka san ɗakina na bayan gidan burodi, ka san yadda nake gyara maka kalma da safe ina gasa maka tortiya, gurasarmu ta masara. Abin da ba ka sani ba ya fara ran sha biyar ga Agusta. Ka zo rumfa da fara'arka, ka nuna mini tikitin jirgi, biyu ga Nuwamba. Ka ce karatunka ya kusa ƙarewa, za ka yi 'yan tafiye-tafiye ka ji yadda mutanen wasu garuruwa ke magana, ka ƙare da wata guda a tafki, sannan gida. Ka ce in zo in ga tekunku da bazara. Na yi dariya, na ce wa zai tsare mini rumfa, Nan Tomasa da ke cin riba da uwa? Kai ma ka yi dariya. Ka tafi ka bar ƙyallenka a kan buhun ƙaro.

Washegari ka dawo nema. Na taya ka ɗaga buhuna, na leƙa ƙarƙashin tebur, na zagi karnukan kasuwa, na ce ƙila ka yar a mota. Yana cikin rigata a lokacin, Damir, yana manne da fatata, ina jin ɗuminsa ina kallon idonka ina yi maka ƙarya. Ka ce ba komai, amma na ga yadda ka shafa wuyanka.

Ka fahimce ni ko da ba za ka yafe ba. Hanya ta taɓa cinye mini namiji. Mijina Beto ya hau mota a tashar nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ce shekara biyu zai yi a arewa ya dawo da jarin babbar mota. Wasiƙa biyu na samu, ta uku, ta rasuwarsa, daga hannun wani ce, daga garin da har yau ban iya faɗin sunansa ba. Tun daga nan duk motar da na ga ta juya baya, sai in kau da kai. To ga shi kai ma ka zo kana kaɗa mini takarda a fuska kana murmushi. Me kake so kurciya ta yi in ta ga an ɗora tsani a bishiyarta?

Ran Laraba na rufe rumfa na hau Patukur. Na ɗebi jan kyandir goma sha biyu daga kayana, da kwalbar giya, da taba mai kyau. Tat Lencho ya fita gona, surukinsa ne a ɗakin, mutumin da hankalinsa ke kan kwalba. Na durƙusa, na kunna wutata, na ɗaura ƙyallenka a wuyan Kaka da hannuna, ƙulli uku, na ce ya riƙe mini kai.

Yanzu ga wautar, kuma wauta ce irin ta masu sana'a. Kowace yarinya a Patukur ta san ƙa'ida. In zuciya kike so a ɗaure, abin da ya kwana a ƙirjin mutum ake kawowa, hankicin aljihu ko zaren rigar barci. In gona ce, a kawo igiyar fartanya. Abin da aka kawo shi Kaka ke ɗaurewa. Ni da bakina na faɗa wa mata wannan ya fi sau dubu, ina faɗa ina dariya a ciki, don a ganina dabara ce ta sa mace ta koma gida ta sake dawowa, ta sayi kyandir sau biyu. Na yi makarantar sistocin coci, na yi shekara biyu a kwalejin malamai, na san kaki da lagwani, na san nawa ake saro su. Wanzami ba ya son jarfa. Na ce a raina ƙyalle ai ƙyalle ne, naka ne, yana ɗauke da warinka, ya isa. Ban tsaya na tuna cewa wannan ƙyallen bai taɓa kwana a ƙirjinka ba. Ƙurar hanya ya sha, da hayaƙin mota, da gishirin jirgi. Hanyarka na kai masa. Hanyarka ya ɗaure.

Ka ƙirga da kanka, kai da kake son lissafin abubuwa a littafi. Sati biyu bayan nan ka tafi kasuwar Chichi. A gangaren da ke bayan mararraba burki ya ƙi, direba ya kifa motar a jikin tulin yashin masu gyaran hanya, taku biyar daga bakin kwazazzabo. Ka dawo da ƙulu a goshi kana ba mu labarin matar da talotalonta ya mutu, yadda ta kama rigar direba ta ce sai ya auri gawar. Rumfa uku suka yi dariya, har da ni. Na ce motocinmu ne, wace rana ce burki bai ƙi ba?

A Satumba ka nufi duwatsun arewa. Gefen dutse ya zaftaro tsakanin motarku da wadda ke gabanku, ya binne alfadari da kayansa, ya karya wa mai shi ƙafa biyu. Ka ce ka ga duwatsun suna gangarowa a hankali kamar garken tumaki, ɗaya ya tsaya daidai tagar da kake zaune. Kuka kwana biyu a hanya, ka juyo. A wannan karon ban yi dariya ba. Kuma kai da kanka, kana cin tamal, alalarmu ta masara, a rumfata, ka faɗi maganar da ban manta ba har yau. Ka ce abin mamaki, duk lokacin da za ka bar Shela sai hanya ta yi maka gardama, amma in za ka dawo, mota na jiranka, kujerar gaba babu kowa, ko taya ba ta taɓa sacewa ba. Ka ce garin nan yana sonka. Nan Tomasa ta daina jera tumatir, ta dube ni. Sai da ka tafi, sannan ta ce, "Chenda, ina ƙyallen yaron nan?" Na ce ta kula da tumatirinta, ƙuda na bi.

Tafiyarka tafki, mota uku ka canza a hanyar da ake yi da ɗaya, na ce ai damina ce. Sai ga katinka makon jiya, da Kichenka mai ɗingishi, kana ba ni labari kamar abin wasa. Injin kwalekwale ya mutu a tsakiyar ruwa. Iskar nan da kowa ya san sai bayan azahar take tasowa, ta taso muku da ƙarfe tara na safe. Ruwa ya kai muku gwiwa, kuna kwarfa da huluna, mai tuƙi ya zubar da buhunan mutane a tafki, kuma kai kaɗai igiyar ruwa ta ɗauke ta jefa waje, har sai da aka jawo ka da kwalar riga. Ka rubuta cewa yanzu ka san kalmar nutsewa a harsuna huɗu. Ka sa ranar a saman katin: Alhamis, sha uku ga wata.

Damir, hasken idona, ran Alhamis sha uku ga wata ina Patukur. Ban san komai game da kwalekwalenka ba a lokacin. Na kai wa Tat Lencho ƙaro ne kamar yadda na saba kowane wata. Ina sa ƙafa a ɗakin, tabar bakin Kaka ta mutu. Tsohon ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Ya juyo ya dube ni, ya kama hannuna kamar na ƙaramar yarinya, ya kai shi wuyan Kaka. Ƙyallaye sun fi ɗari a wurin, duk a bushe, har da ƙurar turare. Naka sharkaf yake. Ruwa yana ɗiga daga bakinsa zuwa kan takalmin Kaka, ruwa mai sanyi, mai warin ciyawar tafki. Ƙullin da na yi sakwa-sakwa da yatsu biyu ya tsuke ya zama kamar ƙwallon dutse.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗa wa kaina duk hanyar dawowa. Rufin yana yoyo. An fesa giya. Wani ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Na leƙa rufin, kwano ne sabo. Giya kuma na san warinta tun ina goye. Kwana huɗu ina wannan ciniki da zuciyata, ina ragi tana ƙi, har katinka ya iso na ga ranar.

Na koma jiya. Tat Lencho bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna yana murza ganyen taba, ya ce da shi ne a ɗakin ran da na zo, da ya kore ni da tsintsiya. Ya ce Kaka ba mugu ba ne, ɗan aike ne mai cika aiki, abin da aka ba shi ya riƙe ba ya saki, kuma ba ya bambanta riƙo da shaƙewa. Sannan ya ce, "'Yata, sau uku yake ƙwanƙwasa ƙofa. Talotalo, alfadari, sannan shi kansa yaron. Na huɗu ba ya ƙwanƙwasawa." Na tambaye shi hanyar babban birni fa. Ya ce in ƙirga kwazazzaban da ke tsakanin tafki da birni, in na gama in ƙirga faɗin tekun da jirgi zai tsallaka.

Na sa hannu zan kwance, ya buge mini yatsu. Ya ce wanda ya ƙulla ba ya kwancewa, mai ƙyalle ne kaɗai, da hannunsa, a gaban Kaka, da rana tsaka. Kuma lokaci ya ƙure. Ran ɗaya ga Nuwamba, ranar da ake kai wa matattu abinci ana sakar musu manyan tsuntsayen takarda a maƙabarta, Kaka zai tashi daga gidan Tat Lencho ya koma gidan wanda zai karɓe shi bana. Da sassafen ranar ake zare duk ƙyallayen shekara ta kansa, yadda suke da ƙullinsu, a zuba a adaka a buga ƙusa. A Patukur ba a taɓa buɗe adakar shekarar da ta wuce ba, abin da ya shiga a ƙulle ya ƙullu har abada. Suna nan jere a bayan ɗaki, ka gan su, har ka tambaya me ke ciki.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Tsohon ya ce ba a barin wuyan Kaka da sanyi. In an cire ƙyallen hanya, sai an mayar da ƙyallen hanya, kuma na wanda ya jawo abin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka san jan zanen nan mai ratsin baƙi da nake naɗewa in yi gammo, wanda nake ƙunshe kaya a ciki? Shekara ashirin yana kaina. Ya je bakin teku saro kaki, ya je garuruwan ƙaro, ya tsallaka iyaka sau tara ba tare da wani soja ya san abin da ke cikinsa ba. Shi zan ɗaura. Na tambayi Tat Lencho iyakar inda zan iya zuwa bayan haka. Ya fito da ni tsakar gida, ya nuna mini ƙoƙon dutsenmu, ya ce duk inda zan ɗaga kai in gan shi, ƙafata lafiya. Inda ya ɓace mini, in juyo.

Na ji ka, dogona, tun daga nan ina jin ka. Kana cewa Chenda ce fa, wadda ta sayar wa fada kyandir ɗin da ta saya a cocinsa, wannan ma wata dabara ce ta jawo ni. Kana da gaskiya ka yi zargi, ramin ƙarya ƙurarre ne kuma ni na haƙa nawa. To buɗe ƙaramin ƙunshin da ke cikin takardar nan. Fasfo ne. Nawa ne. Dubi hoton, dubi yadda na tsuke baki kamar wadda aka kama da awon ƙarya. Ran da ka ce in zo in ga tekunku na yi maka dariya, amma sati bai cika ba na je na yi layi tun asuba, na cire shi a ɓoye, ko Nan Tomasa ba ta sani ba. Ka ga irin matar da ka samu: da hannun dama tana ɗaure ka kada ka tafi, da na hagu tana shirin bin ka. Kowane dare ina buɗe shi in shinshina fararen shafukansa. Babu hatimi ko ɗaya a ciki, kuma ba za a taɓa bugawa ba. Ka riƙe shi. 'Yar kasuwa ba ta sakin kaya sai ta tabbata ba za ta sake bukatarsa ba.

Ga abin da nake roƙo, ni da ban iya roƙo ba. Ka hau motar Shela, kowace ka samu, kada ka ji tsoro, hanyar da ta nufo ni a buɗe take, kai ka faɗa. Ka iso kafin talatin da ɗaya ga wata. Mu hau Patukur tare da safe, ina gefenka babu abin da zai taɓa motar. Ka sa dogayen yatsun nan naka ka kwance abin da na ƙulla, ko da haƙori ne, ka mayar da ƙyallen kakarka wuyanka. Ba sai ka yarda da Kaka ba. Ka ɗauka darasi ne na ƙarshe, ka zo da littafinka, ka rubuta yadda ake yi. Ba sai ka yi mini magana a mota ba. In ka ga dama ka zauna a gaba ni a baya, in ka ga dama ka zage ni da zagin da na koya maka ranar farko, na san ka haddace. Washegari ka hau motar birni, jirginka na jiranka ran biyu, ni da kaina zan kai maka jaka tasha, kuma na yi alkawari ba zan kama ƙofar mota ba.

Wayyo Damir, ruwan sanyin raina! Ashe haka so yake, mace ta shekara tana sayar wa mutane wuta tana yi musu dariya, rana ɗaya wutar ta kama bakin zanenta? Na so in riƙe ka kamar yadda kwari ke riƙe hazo, ban san hazo in an matse shi ruwa yake zama ya zube ba. Gara in san kana can bakin tekunku kana cin kifi da wata mai dogon wuya, kana ba ta labarin mahaukaciyar mai kyandir, da in san kana ƙasan kwazazzabo da sunana a littafinka. Gara ka tsane ni da rai. Na yi takaba sau ɗaya saboda hanya, ba zan yi ta biyu da ƙullin hannuna ba.

Na riga na wanke jan zanen, yana kan igiya, iska na kaɗa shi yana nuna yamma kamar bai san abin da ke jiransa ba. Nan Tomasa ta ce ɗan'uwanta zai riƙa saro mini kaki, za su cuce ni, na sani, zan rama a wani wurin. Ko ka zo ko ba ka zo ba, ran talatin da ɗaya ina ɗakin Kaka tun hantsi, zanen a cinyata, idona a ƙofa, ina sauraron kowace mota da ta yi nishi a gangaren gada.

Maza da yawa suna barin mata su ce za su dawo, su dawo su tarar an tashi. Kai ba za ka taɓa wannan fargaba ba. In shekara ɗaya ce, in ashirin ce, in gashinka ya yi fari kamar kan dutse a watan Janairu, ka sauka a tashar Shela, ka bi layin masu fure, ka sunkuyar da kai saboda tamfol. Mata da yawa sun yi wa maza rantsuwa cewa suna nan ba za su gusa ba. Tawa rantsuwar da ƙulli uku za a yi ta, a buga mata ƙusa.

Taka, muddin ana hango dutsen nan daga ƙofar rumfata,

Rosenda Koyoy, Chendarka